Littafi Ba Ya Musu da Mai Karanta Shi

Akwai nasihohi biyu da kusan kowane yaro a ƙasar Hausa ya tashi yana jinsu daga bakin iyaye da malamai. Ta farko ita ce ya dage da karatu, ta biyu kuwa ya kula da irin abokan da yake yi. Ta farkon da fara'a ake faɗinta, ta biyun da ɗaure fuska. A haka muka girma muna ɗaukar littafi alheri ne tsantsa, sabon aboki kuwa abin tuhuma ne har sai ya wanke kansa. A ganina wannan rabon bai yi daidai ba. Karatu shi kaɗai ba kasafai yake sauya wa mutum ra'ayi ba, domin mai karatu shi ke zaɓen littafin, shi ke zaɓen shafin da zai daɗe a kai, shi ke tsallake wanda bai yi masa daɗi ba, kuma littafin ba zai buɗe baki ya ce masa ba haka nake nufi ba. Sau da yawa mutum yakan tashi daga karatu da ƙarin hujjoji kan abin da dama ya yarda da shi. Abin da ke sauya yadda mutum yake kallon duniya shi ne karatun ya haɗu da aboki wanda bai tashi a gidanku ba, wanda ya ga abin da ba ka gani ba, wanda kuma ba ya jin nauyin ya ce maka ka yi kuskure. Hujjar wannan magana tana nan a tarihinmu, a garin Bauchi.

A shekarar 1942 wani saurayi Bakano mai shekara ashirin da biyu ya gama Kwalejin Kaduna, aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi. Shi ne Malam Aminu Kano. Ba da hannu wofi ya je ba. Ɗan gidan malamai ne daga Sudawa, mahaifinsa Malam Yusufu masanin shari'a ne da ya yi aiki a kotun alƙali, shi kansa kuma ya haɗa karatun zaure da na boko. A makarantar ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya girme shi da shekara takwas, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, marubucin Shaihu Umar, mutum mai sanyin hali da auna magana kafin ya furta ta. A cikin gari kuma akwai Malam Sa'adu Zungur, shi ma ɗan gidan malamai, mai zurfin Larabci, mawaƙi, wanda ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Legas. Zaman Legas ya haɗa shi da samarin Kudu da jaridunsu da muhawararsu kan mulkin mallaka, a lokacin da mafi yawan 'yan bokon Arewa ba su taɓa ƙetare Kwara ba. Daga baya ya koyar a fannin kiwon lafiya a Kano da Zariya, kafin ya koma gida Bauchi yana fama da ciwon ƙirjin da ya daɗe yana cinsa. Mutum uku ke nan masu karatu, amma kowanne da hanyar da ya biyo, kowanne da halinsa, kuma babu wanda ya tashi a gidan wani.

A 1943 aka kafa majalisar taɗi ta Bauchi, da amincewar jami'an Turawa, waɗanda suka zaci wuri ne da malaman makaranta da ma'aikatan En'e za su riƙa goge Turancinsu suna tattauna abubuwa marasa haɗari. Ba a daɗe ba taɗin ya wuce inda aka so. Aka shiga muhawara kan tsarin mulkin da Turawa ke yi ta hannun sarakuna, da makomar Arewa bayan yaƙin duniya da ake tsakiyarsa, har aka kai ga tambayar da ba a saba jin talaka ya yi ba, wato da wane ma'auni ake yanke albashin sarki. Hukuma ta ga abin ya isa haka, majalisar ta mutu. Amma mutanen ba su watse ba, sai suka kafa wata ƙungiyar ta ci gaban Bauchi wadda ba ta ƙarƙashin inuwar kowa, kuma masu tarihi suna lissafa ta cikin tsatson siyasar jam'iyyu a Arewa.

To, me Sa'adu Zungur ya ba Aminu Kano wanda littattafai ba su ba shi ba? A nan ne nake so mu ɗan daɗe. Littattafan da Malam Aminu ya riƙa kafa hujja da su a tsawon rayuwarsa kan zaluncin masu mulki ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya jera halayen mulkin zalunci ɗaya bayan ɗaya, ya fi shekara ɗari yana hannun malamai. Liya'ul Hukkami na Malam Abdullahi na Gwandu, a cikin birnin Kano ma aka rubuta shi, bisa roƙon mutanen Kano da suka nemi a bayyana musu yadda ake mulki bisa shari'a. Alƙalai da muftai da limamai sun karanta waɗannan littattafai, sun koyar da su, wasu sun haddace sassansu, sannan suka ci gaba da zama cikin tsarin da ke karɓar haraji da jangali ta hanyar da marubutan za su yi tir da ita. Ba jahilci ba ne ya hana su gani. Kowa a kewayensu haka yake karanta littafin, a matsayin labarin Haɓe da aka riga aka ci da yaƙi, ba madubin da za a ɗaga wa masu mulkin yau ba. Zungur kuwa ya zauna da mutanen da ke tambayar hujjar kowane iko, ya dawo da wannan tambayar ya ɗora ta a kan littattafan gidansu. Abin da ya nuna wa ƙaninsa a shekaru shi ne cewa ba sai ka ari bakin Bature ko na mutumin Legas ba kafin ka ƙalubalanci fada, hujjar tana cikin gafakar mahaifinka. Takardun ba su sauya ba, ko wasali ɗaya ba a ƙara musu ba. Mai karatun ne ya samu wanda ya sa shi ya sake duba su. Malam Aminu bai ɓoye wannan bashi ba, shi da kansa ya rubuta tarihin rayuwar Zungur bayan rasuwarsa.

A 1946 Malam Aminu ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa, ya cuɗanya da ɗalibai daga sauran ƙasashen da Ingila ke mulka, da Turawa 'yan siyasa masu ra'ayin talakawa, ya ga da idonsa cewa a ƙasar masu mulkin ma ana sukar gwamnati a bainar jama'a ba a ɗaure kowa. A daidai wannan lokaci Indiya ke karɓar 'yancinta, a watan Agusta na 1947, kuma tafarkin Gandhi na gwagwarmaya ba tare da zub da jini ba ya shiga ran Malam Aminu har ƙarshen rayuwarsa. Abin sha'awa, shi kansa Gandhi ta wannan hanya aka sauya shi. A 1904, yana lauya mai samun kuɗi a Afirka ta Kudu, wani sabon abokinsa Bature ɗan jarida, Henry Polak, wanda suka haɗu a gidan cin abinci a Johannesburg, ya raka shi tashar jirgin ƙasa ya miƙa masa wani ɗan littafi na John Ruskin ya karanta a hanyar Durban. Littafin yana magana ne kan darajar aikin hannu da cewa amfanin mutum ɗaya yana cikin amfanin jama'a. Kafin shekarar ta ƙare Gandhi ya sayi gona a Phoenix ya mayar da jaridarsa can, ya fara rayuwar da duniya ta san shi da ita. Littafin ya fi shekara arba'in da fitowa a lokacin, Gandhi kuma ya yi shekara uku yana karatu a Landan bai ɗauke shi ba. Sai da wanda ya san shi, ya kuma san abin da bai sani ba, ya sa masa shi a hannu.

Na san abin da wani dattijo da ke sauraro zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce Malam, kana kwaɗaita wa yara abin da ke halaka su. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da ya faɗa shaye-shaye, da wanda ya shiga daba, da wanda aka ja cikin ƙungiyoyin da suka jefa Arewa maso Gabas cikin makoki, in ka bi diddigi za ka tarar sabon aboki ne ya fara kama hannunsa. Wannan gaskiya ne, kuma addini ma ya ja kunne kan wanda mutum yake zama da shi. Amma a lura, wannan tsoron kansa shaida ne cewa aboki ya fi littafi ƙarfin juya mutum, in ba haka ba da ba a ji tsoronsa ba. Tambayar ita ce me zai kare yaro daga mugun aboki. Kulle shi cikin 'yan unguwarsu ba zai kare shi ba, domin ranar da ya fita, kuma dole zai fita, mutumin farko mai zaƙin baki da ya tare shi zai tafi da shi, tunda bai taɓa jin ra'ayi biyu suna karo ba balle ya koyi auna su. Abin da ke kare shi shi ne karatu mai faɗi da abokai fiye da iri ɗaya. Shehu Usmanu ya ɗauki ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya girmama shi matuƙa, ya yaba masa a rubuce, amma da Malam Jibrilu ya tafi kan cewa aikata manyan zunubai yana fitar da Musulmi daga addini, Shehu bai bi shi ba, ya koma ga littattafan malaman Sunna ya nuna cewa ba haka ba ne. Karatu ne ya ba shi ikon ya ƙaunaci mutum ba tare da ya haɗiye duk abin da ya faɗa ba. Ke nan kowane ɗaya yana gadin ɗayan. Aboki yana hana ka karanta littafi yadda ranka ke so, littafi kuma yana hana aboki ya ja ka inda ya ga dama.

In ana son ganin abin da karatu ke yi idan babu irin wannan aboki, a dubi Malcolm X na Amurka. An ɗaure shi a 1946 yana ɗan daba, ya fito a 1952 yana ɗaya daga cikin mutanen da suka fi kowa iya muhawara a ƙasarsa. A kurkuku ya kwafe ƙamus da hannunsa, ya karanta tarihi da falsafa har idonsa ya raunana. Amma duk abin da ya karanta ta ƙofa ɗaya ya shigar da shi, ƙofar ƙungiyar da ta koya masa cewa farar fata shaiɗan ne a halittarsa, kowane littafin tarihi kuma sai ya zame masa ƙarin shaida. Shekara goma sha biyu yana wa'azin haka. Abin da ya rushe wannan aƙida ba sabon littafi ba ne. Aikin Hajji ne a watan Afrilu na 1964, inda ya ci abinci a akushi ɗaya, ya kwana a shimfiɗa ɗaya da Musulmi farare da baƙaƙe, suka riƙe shi ɗan'uwa. Daga can ya biyo ta Najeriya ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan, ya koma gida da wata fahimtar dabam, ƙasa da shekara ɗaya kafin a harbe shi a Fabrairun 1965.

Wani kuma zai ce ai duk wannan ƙawata labari ne, Malam Aminu da halinsa aka haife shi, ko bai je Bauchi ba sai ya yi rigima da fada, tun yana ɗalibi ma an san shi da tsaurin ido. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, hali zanen dutse ne. Amma hali yana ba mutum zafi ne, ba ya ba shi alƙibla. Masu tsaurin ido da yawa sun ƙare a masu faɗa da maƙwabta. Kuma in ana son gwaji mai kyau, a bar mai zafin a dubi mai sanyin. Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ɗan tawaye ba ne, bai taɓa zama ba, a majalisar taɗin ma sau da yawa shi ne mai cewa a bi a hankali. Amma a watan Agusta na 1950, wannan mutum mai taka-tsantsan ne ya miƙe a Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna ya kawo ƙudurin a binciki tsarin En'e a gyara shi, yana sukar yadda aka bar talaka ba shi da ta cewa, a gaban wakilan sarakunan da abin ya shafa. A watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Ba zan ce daga Zungur da Aminu kaɗai ya samo wannan ba, shi ma ya yi shekararsa a Landan kafin Aminu. Amma wanda ya yi shekaru yana kare matsayinsa a gaban abokai biyu masu kaifin harshe ba zai fita yadda ya shiga ba, ko da bai taɓa cewa sun yi gaskiya ba.

Matasa kuwa nasu ƙorafin dabam ne. Za su ce ai mu mun wuce nan, a wayar hannu akwai littattafan da suka fi na kowane ɗakin karatu a Bauchin 1943 yawa, akwai abokai dubu biyar a Facebook daga kowace nahiya. Littattafan kam suna nan, ga wanda zai iya zama da guda ɗaya har ƙarshe ba tare da saƙo ya fizge shi ba. Abokan ne nake shakka. Waɗannan manhajoji an gina su ne su riƙa kawo maka irin abin da ka saba tsayawa a kai, saboda haka da sannu sai ka wayi gari kowa a shafinka ɗan ɗariƙarku ne ko ɗan jam'iyyarku, wanda ya saɓa kuwa ana toshe shi da yatsa ɗaya. Mutanen Bauchi ba su da wannan sauƙin. Wanda kuka yi zazzafar muhawara da shi daren jiya, da safe za ku haɗu a ɗakin malamai, ranar Juma'a ku haɗu a masallaci, in an yi masa haihuwa ka je suna. Dole ka ci gaba da ganin mutuncinsa alhali ba ka yarda da shi ba, kuma a cikin wannan dolen ne maganarsa ke samun lokacin shiga. Majalisunmu na ƙofar gida suna da wannan zumuncin, amma yawancinsu 'yan ƙuruciya ɗaya ne da suka gama sanin abin da kowa zai faɗa tun kafin ya buɗe baki. Hatta hidimar ƙasa da aka kafa a 1973 bayan yaƙin basasa, domin ɗan Sakkwato ya zauna shekara guda da ɗan Kalaba, yau da yawa tun kafin a fita sansani ake neman hanyar dawowa gida. Ban ga laifin uban da ke tsoron hanya a wannan zamani ba, tsoronsa a kan gaskiya yake. Sai dai a san abin da ake asara.

Saura magana ɗaya, wadda ita ce ta fi wuyar amsawa, kuma ba zan yi kamar na kawar da ita ba. Ana cewa wanda ya yi irin wannan karatu da irin waɗannan abokai yakan zama baƙo a gidansu, ya dawo yana ganin aibin abin da iyayensa suka girmama. Haka ne, kuma yana da tsada. An ɗauke Malam Aminu daga Bauchi aka kai shi kwalejin horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, a ƙarshen 1950 ya ajiye aikin gwamnati gaba ɗaya, ya bar albashi da fansho a lokacin da aikin malanta ke ɗaya daga cikin 'yan hanyoyin ɗaukaka ga ɗan Arewa. Mabiyansa sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai saboda katin jam'iyyarsa ta NEPU. Zungur ya rasu a 1958, shekara biyu kafin 'yancin da ya yi wa waƙa da faɗa. Amma a duba inda sauyin ya kai Malam Aminu. Bai kai shi ga raina mutanensa ba. Ya koma Kano ya zauna cikinsu a Gwammaja, yana sa farar riga marar ado, yana tafsiri da Hausa, yana nema wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a shekaru da yawa kafin su same shi a 1976. Wanda ke dawowa da girman kai galibi shi ne wanda ya yi karatun don shahada, abokansa kuma duk masu shahada irin tasa ne.

Kada kuma a ɗauka abota irin wannan tana kai mutane ga ra'ayi ɗaya. Ba ta kai mutanen Bauchi ba. Zungur ya tafi Legas ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Azikiwe na wani lokaci, Ɓalewa ya zama jigo a NPC, jam'iyyar da sarakuna suka mara wa baya, Aminu ya jagoranci NEPU da ke neman karya ikon sarakunan. Magoya bayan ɓangarorin biyu sun yi ta jifan juna a kasuwanni da filayen taro shekara da shekaru. A zaɓen 1959 Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi majalisar tarayya a Legas, inda tsohon abokin aikinsa na Midil yake Firayim Minista. Da yake NEPU tana ƙawance da NCNC, ita kuma NCNC ta haɗa gwamnati da NPC, sai malaman biyu suka tsinci kansu a ɓangare ɗaya na zauren majalisa, alhali a gida Arewa jam'iyyunsu suna ci gaba da gaba, kuma har aka kashe Ɓalewa a Janairun 1966 babu wanda ya shawo kan ɗan'uwansa a kan batun sarauta da talaka.